Yadda zaka riƙe satifiket ɗinka na ergonomiks kar ya mutu a hannunka

Wata ƙanwata a wannan sana'ar tamu ce ta turo min saƙo kwanakin baya da dare wajen ƙarfe 11, wai "Yaya na shiga uku, saura wata 2 in miƙa takardun sabunta satifiket ɗina kuma wallahi ban san inda rabin shaidun suke ba." Dariya ce ta fara kama ni, ba don mugunta ba, don nima haka na yi a zagayena na farko, kwana uku ina tona tsohon imel ina neman rasit ɗin taron da na je shekara 4 baya, laftof ɗin da na ajiye abubuwan a ciki ma ya riga ya mutu tuntuni. Toh na ce maimakon in ta yi mata bayani a waya har kati ya ƙare, bari kawai in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda yake riƙe da irin wannan takardar ko yake shirin nemanta sai ya ɗauki abinda zai amfane shi.

Ga wanda ya faɗo nan bai san zancen ba, ergonomiks shine ilimin daidaita aiki da kayan aiki da wurin aiki su dace da ɗan adam, jikinsa da ƙwaƙwalwarsa, ba wai a tanƙwara mutum ya dace da na'ura ba. Daga kujerar ofis da tsayin tebur, zuwa yadda lebura zai ɗaga kaya bayansa bai ƙage ba, zuwa yadda aka jera maɓallai a gaban matuƙin jirgi ko nas mai duba na'urar mara lafiya da tsakar dare, duk namu ne. Takardar ƙwarewa a wannan fanni kuwa ba kamar digiri take ba da zaka karɓa ka sa a firam ka rataye shikenan. Tana da wa'adi, in baka ciyar da ita ba mutuwa take.

Abinda nake so ka riƙe tun daga nan, yawancin waɗanda na ga sun shiga matsala ba rashin karatu ne ya jefa su ba. Suna aiki, suna koyon sabon abu kusan kullum, rubutawa ne basa yi. Hukumar kuma bata ganin abinda ke cikin kanka, abinda ke kan takarda take gani.

Mataki na farko: ka san dokar gidan da ya baka takardar

Wannan kamar wasa ne amma mutane da yawa daga bakin abokai suke jin dokar, abokin kuma wata hukumar ce daban ta bashi tasa. Ba iri ɗaya bane sam.

In taka ta Amurka ce, wato BCPE wadda aka kafa a 1990, hukumar da ke bada takardun ƙwarewa masu suna CPE da CHFP da CUXP, toh zagayenta shekara 5 ne, kuma cikin shekara 5 ɗin nan ana so ka tara maki 100. Makin an raba shi gida 5: aikin da kake yi a fannin, horon da ka karɓa ko ka bayar, hidimar da ka yi wa ƙungiya ko kwamiti ko masu tsara ƙa'idoji, rubutun da ka wallafa, sai halartar tarukan ƙwararru. Ba a yarda ka kwaso duka daga gida ɗaya ba, aƙalla sai gida 2, kaga kenan zuwa ofis kullum shi kaɗai ba zai fitar da kai ba. Bayan haka akwai kuɗin shekara-shekara da ake biya, wannan daban yake da maganar maki.

In ta Ingila ce, CIEHF, wadda asalinta tun 1949 take kuma ta samu sahalewar masarauta a 2014, su ba maki suke ƙirgawa ba. Mai riƙe da takardarsu ta C.ErgHF duk shekara yake cika bayanin CPD ɗinsa a shafinsu, CPD ɗin nan kuwa shine sunan da ake kiran duk wannan harka ta ci gaba da ƙaro ilimi bayan ka zama ƙwararre. Abinda suke nema aƙalla abubuwa 5 da ka yi a shekarar, da kuma 3 da kake shirin yi gaba, amma kowanne sai ka yi bayanin me ka koya kuma ina ya yi amfani. Ni a ganina wannan tsarin ya fi wahalar yi wa wayo, don zaka iya zama a taro kana latsa waya ka samu maki, amma baka iya rubuta abinda ka koya in baka koyi komai ba.

In kuma Eur.Erg. ce ta Turai, wadda CREE ke bayarwa, ita ma shekara 5 take yi sai a sabunta, kuma ta hannun kwamitin ƙasar da ka yi rajista ake bi. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi rajista a Faransa su ta hannun ARTEE, wato kwamitin Faransa, zasu bi. Kanada ma tana da tata, CCPE.

Toh ka shiga shafin hukumarka yau ɗin nan, ka sauke kundin dokar na yanzu, ba wanda ka sauke lokacin da kake shirin jarabawa ba don suna gyara shi lokaci zuwa lokaci, ka karanta shi da biro a hannu. Abu 4 zaka fitar ka rubuta a takarda guda: ranar da zagayenka ya fara da ranar da zai ƙare, me ake ƙirgawa kuma da wane lissafi, wace irin shaida ake karɓa, sai ranar biyan kuɗi. In kana riƙe da wani lasisin a gefe, misali kai likitan gashin ƙashi ne mai sabunta lasisi a wajen hukumarsu ta MRTB a Najeriya, ka ɗauko nasu dokar ka ajiye kusa, don sau tari kwas ɗaya zai shiga maka wuri biyu.

Mataki na biyu: kalanda, kuɗi da imel

Wannan gajere ne. Ka sa ranakun nan a kalandar wayarka da tunatarwa wata 6 kafin, wata 3 kafin, wata 1 kafin. Ka canza imel ɗin da ke wajen hukumar ya koma naka na kanka, kar ka bar na wurin aiki, don ranar da ka bar wurin za'a rufe shi, su kuma suna can suna ta aiko maka da gargaɗi cikin akwatin da babu mai buɗewa. Na san wanda haka kawai ta cinye shi.

Kuɗin kuma da dala ko fam ko yuro ake biya, wanda ke zaune a gida ya san halin katin naira da biyan kuɗi a waje, yau ya yi gobe ya ƙi. Kar ka bari sai daren ranar ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka biya da wuri, ka ajiye rasit. In wurin aikinka na biyan irin wannan kuɗin ka rubuta musu tun farkon shekara lokacin da ake tsara kasafi.

Mataki na uku: ka auna kanka kafin ka sayi kwas ko ɗaya

Nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada. Mutum sai ya ga tallan kwas a LinkedIn ya biya don kawai akwai satifiket a ƙarshe, alhali abinda za'a koyar ya fi malamin saninsa.

Ƙungiyar duniya ta masu wannan fanni, IEA, ta kasa ergonomiks gida 3: na jiki, na tunani da fahimta, da na tsarin ma'aikata. Yawancinmu ta ƙofa ɗaya muka shigo. Wanda ya fito daga gashin ƙashi ko injiniyanci ya iya na jiki, RULA da REBA, wato fom ɗin auna haɗarin yanayin jiki lokacin aiki, ko cikin barci ka tashe shi zai cika maka, ya san RULA daga 1 zuwa 7 take REBA kuma har 15, amma ka ce ya auna nauyin aikin ƙwaƙwalwa da NASA-TLX sai ya fara sosa ƙeya. Wanda ya fito daga ilimin halayyar ɗan adam kuma akasin haka. Tsarin ma'aikata kuwa, irin su jadawalin shifta da gajiya da yadda ake miƙa aiki daga hannu zuwa hannu, kusan kowa gudunsa yake.

Ka zauna da takarda ka amsa tambayoyin nan tsakaninka da Allah. Wane aiki ne aka kawo min a shekarar nan na ƙi karɓa ko na miƙa wa wani don ban iya ba? Wace tambaya aka min a mitin na kauce? Wace ƙa'ida nake ambata a rahoto alhali ban buɗe sabon bugunta ba? Ta ƙarshen nan ta taɓa kama ni, ina ta kafa hujja da ƙa'idar duniya ta ISO 11228 kashi na 1 na ɗaga kaya, ashe an sabunta shi a 2021 ni ina kan tsohon. CIEHF na da jerin ƙwarewar da suke so mamba ya auna kansa da shi, ko ba mambansu bane kai zaka iya amfani da irinsa. Daga amsoshin ka zaɓi giɓi 2 ko 3, kar su wuce haka, su ne alƙiblarka ta shekarar.

Mataki na huɗu: ka tsara shekarar, kuma ba dole sai da kuɗi mai yawa ba

Manyan taruka suna da daɗi ba ƙarya. Na IEA duk shekara 3 ake yi, an yi a Florence a 2018, na 2021 na Vancouver ya koma ta intanet saboda korona, na 2024 a Jeju ta Koriya ta Kudu, na 2027 kuma Landan. HFES, ƙungiyar masu fannin ta Amurka, na yin nata duk shekara, CIEHF ma haka. In Allah ya hore maka ko ma'aikatarka zata ɗauki nauyi, je ka, taro ɗaya na kwana 3 ko 4 yana cike wuri babba. Amma tsakanin biza da tikitin jirgi da otal ba kowa ke iyawa ba, kuma kar ka ɗora duk lissafinka akan taron da ba'a baka biza ba tukuna.

Abinda ke hannunka ko kana Kano ko Damagaram ko Leeds: laccocin kai tsaye ta intanet da ƙungiyoyin nan ke shiryawa, da yawa kyauta ne ga mamba wasu ma ga kowa. Sai dai ka kula da agogo, ƙarfe 12 na rana a New York shine 5 na yamma a Najeriya lokacin bazararsu, a watan Disamba kuma 6, daidai magariba kenan, Ingila kuwa a bazara agogonmu ɗaya da hunturu mun riga su da awa 1. Akwai karanta mujallun fannin, Ergonomics da Applied Ergonomics da Human Factors. Akwai kayan aunawa na HSE, hukumar lafiya da tsaron wurin aiki ta Birtaniya, MAC na ɗaga kaya da ART na aikin maimaici da RAPP na turawa da ja, duk kyauta suke a shafinsu da bayanin yadda ake amfani da su. Akwai ƙungiyar masu ergonomiks ta Najeriya, ESN, in kana gida ka shiga, taronsu ba sai da biza ba.

Yadda nake yi ni, kowane wata 3 abu ɗaya mai nauyi, kwas ko taro ko rubutu, sai ƙanana a tsakani. Wanda ke kan tsarin maki 100 ya raba shi 20 a shekara, amma ya yi ƙoƙarin wuce 20 ɗin a shekarun farko, don baka san shekarar da rayuwa zata zo maka da nata ba.

Mataki na biyar: rubutawa, nan ne aikin yake

In ka manta duk sauran kar ka manta wannan. Ka buɗe folda guda a Google Drive ko OneDrive ko duk inda ba zai mutu tare da kwamfutarka ba, a ciki folda ɗaya ga kowace shekara. Sai fayil ɗin Excel guda ɗaya da layuka kamar haka: kwanan wata, sunan abin, wa ya shirya, awa nawa, wane gida ya faɗa a dokar hukumarka, maki nawa in ana maki, sunan fayil ɗin shaida, sai me na koya. Sunan fayil kuma ka fara shi da shekara da wata da rana, misali 2024-03-14 sannan sunan abin, da kansu zasu jeru.

Dokar da na kafa wa kaina, ba na kwana biyu ban rubuta ba. An gama lacca, kafin in rufe laftof na cika layin. Minti 10 ne. In ka bar shi sai ƙarshen shekara wallahi abinda zaka tuna shine an yi sanyi a ɗakin taron kuma shayin ba daɗi.

Shaida kuwa ka tara fiye da yadda kake zaton ana buƙata: satifiket ɗin halarta, imel ɗin rajista, rasit, jadawalin taron mai nuna awoyi, hoton bajon da aka rataya maka a wuya. In kai ka gabatar, shafin da sunanka ya fito a jadawali da silaid ɗinka. In lacca ce da aka naɗa ka kalla daga baya babu satifiket, ka ɗauki hoton allon ka rubuta taƙaitaccen bayani rabin shafi da kwanan wata, sannan ka duba ko hukumarka na karɓar irin wannan. Awoyi kuma ka ƙirga na karatu zalla, ka cire hutun cin abinci, kar ka ce awa 8 alhali 6 ne.

Yanzu layin "me na koya", wanda shine ya fi ba mutane wahala. Ga irin wanda bashi da amfani: "Na halarci lacca akan ɗaga kaya, ta ƙayatar, na ƙaru sosai." Wannan ko wanda bai je ba zai rubuta shi. Ga irin wanda nake nufi, daga nawa littafin:

"Na sake bitar littafin amfani da lissafin ɗaga kaya na NIOSH, cibiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka, na 1994 saboda aikin da aka bani a wani sito. Lissafin yana farawa ne da kilo 23 a matsayin iyaka in komai ya yi daidai, sai a riƙa rage shi da abubuwa 6: nisan kaya daga jiki, tsayinsa daga ƙasa, tazarar ɗagawa, murɗa jiki, yawan maimaitawa, da kyawun wurin kamawa. Abinda na manta shine littafin da kansa ya faɗi inda lissafin baya aiki, ciki har da ɗagawa da hannu ɗaya, ɗagawa a durƙushe, aikin da ya wuce awa 8, da yanayin da ya fita daga digiri 19 zuwa 26. Sitona ya wuce wannan zafin nesa ba kusa ba, kuma ma'aikatan a ka suke ɗora buhu su yi tafiya da shi. Don haka na cire lambar da na fitar daga matsayin hukunci a rahoton, na rubuta iyakokinta, na ƙara auna zafi da hutu, na ba da shawarar baro da ɗagawar mutum biyu. Gaba ina so in nemi horo akan auna zafin wurin aiki."

Kaga bambancin? Akwai dalilin da ya sa na yi, akwai abinda na gano, akwai abinda ya canza a aikina, akwai wanda ya amfana, akwai mataki na gaba wanda kai tsaye zai shiga tsarin baɗi. Guda 5 ɗin nan su ne ƙashin bayan kowane bayani. Kuma kar ka ji kunyar rubuta "na gano ina yin kuskure", masu dubawa ƙwararru ne irinka, sun fi yarda da wannan akan yabon kai.

Bari in ɗan ratse tunda maganar ta zo, buhun siminti namu kilo 50 ne, ka raba da 23 ya haura 2 tun kafin ka sa murɗa jiki ko maimaici, kuma yaro zai yini yana sauke tirela a haka cikin zafin Afrilu. Duk wanda ke aiki a gida yana zaune akan tarin abin rubutu da mujallun can basu da shi, mu ne dai bama rubutawa.

Mataki na shida: ka tsamo CPD daga aikinka na kullum

Aikin da ka saba yi ka maimaita sau ɗari ba ƙarin ilimi bane, ko da yake a tsarin BCPE yana shiga gidan aiki. Amma ranar da aiki ya tilasta maka koyon sabon abu, wannan ka kama shi. An kira ka asibiti ka duba dalilin kuskuren bada magani sai da ka zauna ka karanta tsarin SEIPS na nazarin yadda tsarin aiki ke shafar lafiyar mara lafiya, wanda aka fitar a 2006 kuma yanzu asibitocin NHS na Ingila ke amfani da shi wajen binciken haɗurra. Kamfani na son sayen rigar ƙarfen nan mai tallafa wa baya da kafaɗa, sai da ka bi aikin kwamitin ASTM F48 mai tsara ƙa'idojin irin wannan rigar, da aka kafa a 2017. An kawo manhajar da ke auna tsayuwar ma'aikaci daga bidiyo, ka gwada ta da REBA ɗinka na hannu ka ga inda suka saɓa. An ce a duba damuwar ma'aikata ka buɗe ISO 45003 na 2021. Duk waɗannan karatu ne na gaske, sun ma fi wasu kwasa-kwasan da ake biya.

Abu ɗaya, amana. Kar ka loda rahoton kamfani da sunansa da hotunan fuskar ma'aikata a matsayin shaida. Ka cire suna, ka ce "wata masana'antar abinci" ko "wani asibiti", in ana buƙatar tabbaci ka karɓi wasiƙa daga shugabanka mai nuna matsayinka da kason lokacinka da ke tafiya a ergonomiks. Wasiƙar nan ka karɓe ta kafin ka bar wurin aiki, lokacin da ake ga-maciji da kai ba lokacin neman alfarma bane.

Mataki na bakwai: bayarwa ma ana ƙirga ta

Koyarwa, gabatar da takarda a taro, duba maƙalar wani kafin mujalla ta buga, jagorantar ɗalibi ko sabon shiga, zama a kwamitin ƙungiya, rubuta wa mujallar mambobi shafi 2 akan wani aiki da ka yi, duk suna shiga. Matasa sukan ce ai ni ban kai ba. Ka kai mana, laccar awa 1 ga nas-nas akan yadda ake juya mara lafiya a gado, in ka shirya ta da kyau ka ajiye takardar gayyata da jerin sunayen mahalarta, abu ne. Sai dai laccar da ka maimaita sau 10 ba canji kar ka lissafa ta sau 10 kai tsaye, ka duba me dokarka ta ce akan maimaici.

Mataki na takwas: dubawa da miƙawa

Duk wata 3 ka buɗe Excel ɗin na rabin awa, ka haɗa jimla, ka duba layin da bashi da shaida ka nemo ta tun masu taron basu rufe shafinsu ba. Saura wata 2 ko 3 wa'adi ka fara cika fom ɗin hukumar, kwafa kawai zaka yi tunda komai na rubuce. Ka ba wani abokin sana'a ya karanta maka, ka miƙa da sauran lokaci, ka sauke kwafin abinda ka miƙa da imel ɗin da ya nuna sun karɓa. In kana da maki sama da wanda ake nema ka sa rarar, ko an soke wani layin kana nan daram.

Hukumomin nan sukan zaɓi wasu daga cikin waɗanda suka miƙa su bincika nasu dalla-dalla. In ya faɗo kanka ba zargi bane, ka tura abinda aka nema a jere yadda yake a fom. In sun dawo maka da gyara, mafi yawa cewa zasu yi bayanin bai nuna me ka koya ba ko shaidar bata isa ba, ka gyara ka mayar cikin lokacin da suka baka. Abinda ba'a gyarawa shine ƙarya, ka rubuta taron da baka je ba, wannan ya tashi daga maganar CPD ya koma karya dokar ɗa'a da ka sa wa hannu. Foldar shaidun kuma kar ka goge ta don an amince, ka bar ta aƙalla har zagaye na gaba ya wuce.

In rayuwa ta shigo tsakani

Haihuwa, jinya, rashin aiki, komawa gida kula da iyaye, ba wanda ya fi ƙarfinsu. Ka rubuta wa hukumar tun abin na faruwa ka tambayi wane sassauci suke da shi, kuma ka ajiye amsarsu a rubuce. Shiru shine baya da magani. In kuma ta riga ta faɗi, ka cire haruffan daga bayan sunanka a imel da katinka da LinkedIn har sai an dawo maka da ita, don waɗannan hukumomin suna da jerin sunayen masu takarda mai rai a shafinsu kuma masu ɗaukar aiki suna dubawa.

Ita kuwa ƙanwar tawa mai wata 2, ga abinda na sa ta yi. Daren farko ta bincika imel ɗinta da kalmomin rajista da satifiket da rasit da Zoom, shekara bayan shekara, duk abinda ya fito ta jefa folda ba tare da tsayawa tantancewa ba. Rana ta biyu ta bi kalandar wayarta da hotunan wayar, don hoto na ɗauke da kwanan wata, sai bayanin asusun banki don gano kwas ɗin da ta biya. Rana ta uku ta rubuta wa masu shirya tarukan da ta rasa takardarsu, ta kuma nemi wasiƙa daga tsohon wurin aikinta. Sai ta haɗa jimla ta ga giɓin da ya rage, ta cike shi da laccoci a fannin da ta ce tana gudu, wato jadawalin shifta da gajiya. Da safen nan ta turo min hoton Excel ɗin, layi 19 sun cika, saura guda 2 da take jiran amsar imel, da wani bajon taro da ta ce tana kyautata zaton yana cikin tsohuwar jakarta a gidan Umma.